Warwaron da Ya Ƙi Fita

Da sunan Allah Mai rahama Mai jinƙai.

Daga Dutsin-Ma, zuwa gare ki, ke da kike shirin tafiya Kaduna.

Bayan sallama, ina gaishe ki, ina gaishe da maigidanki Malam Sani, da fatan kun tashi lafiya kuma ɗaurin kaya bai gajiyar da ku ba. Allah ya sa motar da za ta ɗauke ku ta sauke ku lafiya. Allah ya tsare ku daga sharrin hanya da na direba mai gaggawa, ya haɗa ku da maƙwabta na kirki a garin da ba ku san kowa ba. Amin.

Na san za ki yi mamakin ganin takarda a cikin kwallar daddawar da na ce Malam Sani ya biyo ya ɗauka kafin ku hau mota. Ki yi haƙuri da rubutun. Da girmana na koye shi a ajin yaƙi da jahilci, shi ya sa yake tafiya kamar sawun kaza. Amma ni na rubuta da hannuna, ban kai wa mai rubuta wasiƙa na bakin kasuwa ba, domin abin da ke ciki ba na kunnensa ba ne. Kuma ba labarin gida zan ba ki ba, jiya kika bar gidan, ba abin da ya sake sai ni.

Ke ce 'yar farina. Tun da aka yaye ki aka miƙa ki ga kakarki, ban taɓa kiran sunanki ba, ban taɓa zaunar da ke na yi hira da ke kamar yadda nake yi da ƙannenki ba. Kin taso kina ce mini Yaya, don kuwa haka kika ji ƙannena suna kirana, ni kuwa in ina son ki sai in ce “ke” ko “yarinyar nan”. Haka aka yi mini, haka na yi miki, ban taɓa ganin aibin abin ba. Ko da Gwaggonki, ƙanwar mahaifinki, ta raɗa mini a watannin baya cewa kin yi nauyi, sai na ci gaba da tsintar shinkafata kamar ban ji ba. Uwa ba ta sanin wannan game da 'yar fari, sai dai ta ji guɗa.

Jiya da kuka zo sallama, Malam Sani yana zaure da mahaifinki, ni ina bayan danga ina tankaɗe, kunnena kuwa ba toshe yake ba. Na ji yana cewa masaƙar da ta ɗauke shi aiki tana da likitan da ke duba ma'aikata da iyalansu. Ya ce ba sai mutum ya kwanta ba. Akwai ranar da mata ke zuwa awo, akwai ranar yara, a ɗora su a sikeli a yi musu lamba da allurai, manya kuma a auna jininsu, a duba fitsari da ƙirji da idanu. Ya ce likita ɗaya ne zai san gidan duka, daga maigida har jinjiri. Mahaifinki ya ce madalla. Ke kuwa kina ɗakin Gwaggonki, na ji ki da kunnena kina dariya kina cewa, “Ni mi zai kai ni wurin likita, Gwaggo? Lahiyata lau. Salon a kware mutum gaban baƙo.”

Da wannan kaɗai na ji, da na yi shiru kamar yadda na saba. Amma bayan kun ci tuwo kin fito wanke hannu a bakin randa, na ga kin shafa sabulu a wuyan hannunki kina murza warwaronki, na azurfan nan da kakarki ta ba ki. Kika ja, kika ja, ya ƙi fita, kika haƙura kika sauke mayafi a kansa. Na dubi ƙafarki, na ga kin take bayan takalmin, idon sawunki ya ɓace cikin nama. Wallahi sai da na dafa turmi. Rariyar ta suɓuce daga hannuna, garin ya zube, kika juyo kika ce, “Yaya, lahiya?” Na ce jiri ne. Na miƙa miki ƙullin kuka ina kallon bango, na ce Allah ya kiyaye hanya. Iyakar abin da bakina ya iya ke nan.

Kafin in gaya miki abin da na gani a hannun nan naki, bari in fara da wani wayo da na taɓa yi, don ki san irin uwar da ke ba ki shawara.

Muna Kurfi a lokacin, ke kina wajen kakarki, ƙanenki Garba yana koyon tafiya. Aka yi shela cewa masu lamba za su zo. Matan unguwa suka ce in an tsaga wa yaro damtse sai ya kumbura ya yi zazzaɓi, ni ma na ce me zai sa a yanki yaron da ke wasansa lafiya lau? Na ɗauki Garba na zura shi cikin rumbu, na ba shi ƙuli-ƙuli ya yi shiru. Da mai unguwa ya leƙo da mutanen na ce yaron yana ƙauye. Da yamma har da dariyata ina ba mata labarin dabarar da na yi. A cikin makon nan Baffa, mahaifina, ya koro shanunsa tun daga Tamawa zuwa Kurfi don a yi musu allura, shanu ɓul-ɓul suna tafe suna tunkuyin juna, ba wadda ke ko tari. Na kai masa fura a inda aka tara su, na tarar yana ta faɗa wai an tsallake masa maraƙi ɗaya. Na tsaya na kalla, na karɓi ƙwaryata na dawo gida, ban ga komai a cikin abin ba.

Da bazara agana ta shigo gari. Allah ya bar mana Garba, amma kin san fuskarsa, kin san zanzanar da yara suka riƙa tsokanarsa da ita har ya daina fita dandali. 'Ya'yan Talatu mai ƙosai kuwa, da ba ta da rumbun ɓoyewa, ko ƙurji ɗaya bai fito musu ba. Saboda haka in Allah ya ba ki 'ya'ya, ranar da aka ce a kai su, ki saɓa su ki kai tun suna dariya, kada ki jira sai jikinsu ya yi zafi. Za su yi kuka, ki ba su nono su yi shiru.

Wancan na san kuskurena tun da daɗewa. Na biyun kuwa shekara da shekaru ina ɗauke da shi ban ma san kuskure ba ne.

Kin tuna Kulu, ƙanwata, wadda take yi miki kitso tana cusa miki alewa a baki don ki daina mutsu-mutsu? Kina ƙarama ta rasu. An ce miki iska ce ta ɗauke ta. Haka ni ma na sani, haka kuma na gaya wa duk wanda ya tambaye ni.

A Ɗantutture aka yi mata aure. Da cikinta na fari ya tsufa aka maido ta gida Tamawa goyon ciki, ni ma na je taya Inna, mahaifiyarmu, aiki, don lokacin cirar gyaɗa ne. Kulu siririya ce tun tana yarinya, har ana ce mata sillen kara. Sai na tarar da ita ta cika ta yi fam, fuska kamar an hura, ƙafafu sun ƙi shiga takalmi. Muka yi ta murna. Mata suna shigowa suna cewa, “Kai, mutanen Ɗantutture sun iya kiwo!” Wata tsohuwa ta latsa ƙafarta da yatsa, wurin ya lotsa ya ƙi tasowa, ta ce, “Wanga na tagwaye ne, ku tanadi zane biyu.” Aka yi shewa. Kulu ta rufe fuska da mayafi, domin mai cikin fari ba ta amsa irin wannan magana.

Warwaron aurenta ya nutse cikin nama har yatsunta suna tsami. Muka gwada sabulu, muka gwada man shanu, ya ƙi. Ni na raka ta wurin maƙeri a bakin kasuwa ya datse shi. Yana datsewa yana zolayarta, “Amarya, a rage cin daɗi hakanan, ƙarhe ma ya gaji da ke.” Ni na fi kowa dariya.

A hanyar dawowa ta tsaya a gindin wata tsamiya ta riƙo hannuna. Ta ce, “Yaya, kaina kamar ana sara shi da gatari. Kuma ina ganin wasu abubuwa na walƙiya gabana, kamar taurari, ga rana tsaka.”

Kin san abin da na ce mata? Na ce, “Ke ruha mana asiri. Kowace mace haka ta yi. Kada in ji kin hwaɗi ma Inna, a ce ɗiyar Baffa raguwa ce tun ba a je ko'ina ba.”

Ta ce to. Kulu ba ta taɓa yi mini musu ba. Ba ta ƙara gaya wa kowa ba, sai dai in gan ta ta ɗaure kai da ɗankwali tamau tana lumshe ido, ni kuma in ce a raina yarinyar nan ta fara koyon dauriya.

Ba a daɗe ba, wata rana da hantsi muna tsakar gida muna tsinkar gyaɗa, tana cikin magana sai ta yi shiru. Idanunta suka juye, ta faɗi kan tabarma tana jijjiga tana taune harshe har jini. Inna ta fasa ihu ta ce iska. Aka yi hayaƙi, aka kawo rubutu, aka tura a ɗauko wata mata daga Kutawa da aka ce ta san kan iskoki. Abin ya lafa, ya sake tashi, ya lafa, ya sake tashi. Ba wanda ya ambaci asibiti ko da wasa, don a saninmu likita ba ya ganin aljani. Kashegari kafin la'asar Allah ya karɓi abinsa, ita da abin da ke cikinta. Na yi kuka, na yi haƙuri, na ce kwana ne ya ƙare, kuma haka ne, ba mai wuce ranarsa. Na ɗauki guntayen warwaron na ajiye a adakata don tunawa da ita. Ko sau ɗaya ban taɓa haɗa su da rasuwarta ba.

To, a watannin nan Ladi, matar ɗan Alhaji Mamman maƙwabcinmu, ta shigo mini da hannu ɗaure da tsumma. Ita ma cikin fari ne, ita ma warwaro ya matse ta, maƙeri ya datse ya haɗa da fata, wurin ya yi ruwa. Hajiya, uwar mijinta, ciwon gwiwa ya hana ta fita, ta roƙe ni in raka yarinyar asibitin garin nan a wanke mata ciwon. Don hannun kawai muka je. Sai aka yi dace ranar da likita ke zuwa daga Katsina ce.

Malamar asibitin, wata mai fara'a, ta kwance tsumman ta duba. Sai na ga ta saki hannun ta durƙusa ta latsa ƙafar Ladi da yatsa, daidai yadda tsohuwar nan ta yi wa Kulu. Wurin ya lotsa ya ƙi tasowa. Har na buɗe baki zan ce tagwaye, sai na ga fara'ar ta ɗauke daga fuskarta.

Ta ce, “Iya, tun yaushe ƙahwar nan take haka?”

Na ce, “Ai jin daɗi ne, Malama. Gidan Alhaji ba a rasa nama.”

Ba ta yi dariya ba. Ta juya ga Ladi ta ce, “Kanki na ciwo?” Ladi ta sunkuyar da kai. Ta ce, “Ki gaya mini, ba wanda zai ce miki raguwa. Kina ganin walƙiya a idonki?” Ladi ta dube ni, ta dubi ƙasa, sannan ta gyaɗa kai. Wa ya gaya wa matar nan maganar da Kulu ta yi mini a gindin tsamiya, mu biyu, ba na uku?

Ta naɗa wa Ladi wani ƙyalle a damtse, ta yi ta matsa 'yar roba yana kumbura, ta sa abin saurare a kunne. Sannan ta ba ta kwano ta ce ta kawo fitsari. Ta zuba kaɗan a wata siririyar kwalba ta kara a kan 'yar fitila mai shuɗiyar wuta. Ina tsaye ina kallo. Ruwan da yake garau ya fara haɗewa, ya yi fari, ya yi gudaji kamar kindirmo. Ta ɗauka da sauri ta shige wurin likita.

Likitan ya fito da kansa, wani dattijo, Hausarsa da ɗan gargada amma ana ganewa. Ya ce jinin yarinyar ya hau ƙwarai, ƙodarta ma ta fara gajiya, yau za a wuce da ita babban asibiti a Katsina a kwantar da ita har ta sauka.

Na ce, “Likita, yarinyar da ta share tsakar gida tas da sahen nan? Mu ciwon hannu muka kawo.”

Malamar ta ce, “Iya, in kuka koma da ita gida, ana nan ana nan sai ta hwaɗi tana jijjiga tana taune harshe. Ku ce iska ce. Da yawa ba su tashi.”

Ban san lokacin da na zauna a ƙasa ba, a kan siminti, gaban mutane. Na ce, “Malama, wanga abu, ana ganin shi tun kahin ya zo?”

Ta ce, “Da makonni ma. Shi ya sa muke ta roƙo ku riƙa zuwa awo.”

Na ce, “Da ƙyallen nan da 'yar kwalbar nan kawai?”

Ta ce, “Su kawai.”

Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Ƙyalle da kwalba! Ni duk shekarun nan na ɗauka abin da ya ɗauki Kulu ya fi ƙarfin ɗan Adam, ba a ganinsa, ba a jin tahowarsa. Ashe ya daɗe yana sallama. Ya yi sallama a ƙafa, ya yi a fuska, ya yi a hannu har sai da aka kira maƙeri, da bakinta ma ta faɗa, mu kuwa muna shewa muna tanadin zane biyu. Ban ce da an kai ta da ta rayu ba, wannan sanin na Allah ne. Katsina ma ta fi nisa a wancan lokaci. Amma Baffa yana da jakuna, a shekarar ma ya kai gyaɗa har can. Abin da ya tsaya mini a ƙirji shi ne ba mu gwada ba, domin ba mu san akwai abin gwadawa ba, ita kuwa da ta ji abin a jikinta na rufe mata baki.

Da likita ya ga yadda na zube, ya tambayi dalili, na ba shi labari. Sai ya ce a naɗa mini ƙyallen ni ma. Na ce ni ba abin da ke damuna, ban taɓa kwana a asibiti ba, har yau ni ke daka a gidana. Aka naɗa. Malamar ta duba, ta sake dubawa, ta dubi likita. Nawa ma ya hau. Ni! Wai ciwon kan da nake ɗora wa rana da hayaƙin murhu, da jirin da ke ɗibata in na miƙe, duk shi ne. Ya hana ni yawan gishiri da kanwa, ya ba ni ƙwaya, ya ce in riƙa zuwa duk wata ko ina jin kaina garau. Ya ce abin nan yakan bi dangi, daga uwa zuwa ɗiya, daga ya zuwa ƙanwa. Sannan ya tambaye ni, “Kina da ɗiya mai aure?” Malama tana tsaye, Ladi tana zaune, sai kunya ta kama ni, na ce, “Akwai wata yarinya da kakarta ta riƙa.” Kin ji. Ko a wurin nan ban iya cewa tawa ce ba.

Da na koma na gaya wa Hajiya, ta ce abin kunya ne a ce matar ɗanta ta haihu a hannun baƙi. Na ba ta labarin Kulu a tsaye, ban ko cire mayafi ba. Nan take ta shiga haɗa wa yarinyar kaya. Ladi ta dawo makon jiya da ɗanta namiji. Ɗan ƙarami ne, amma yana tsotso kamar an aiko shi, ƙafafunta kuma sun koma nata. Mahaifinki har yau bai gama mamaki ba, ya ce shi bai taɓa jin inda mutum ya tafi neman ciwo da ƙafarsa ba. Na matsa masa ya je, aka ce nasa jinin daidai yake, tun ranar yake yi mini fankama a gidan nan.

Yanzu kin san abin da na gani jiya a bakin randa.

Don Allah, don Annabi, in kun sauka kada ki ce sai kin gama jera kwanoni, kada ki ce sai kin saba da gari. A makon farko ki ce wa Malam Sani ya kai ki wurin likitan nan. In bakinki ya yi nauyi, miƙa masa takardar nan ya karanta da kansa, na yafe kunyar surukuta a wannan karon. Kada ki fara kai hannun nan wurin maƙeri. Ki je da warwaron yadda yake, su gani da idonsu.

In an tambaye ki, ki faɗa. Kada ki sunkuyar da kai ki bar mutane suna lalube. In kanki na sara ki ce yana sara, in kina ganin walƙiya ki ce kina gani, in takalmi ya daina shiga ki nuna ƙafar. In kina jin nauyin namiji, akwai malamai mata, ki ce su kike so. Ki bari su naɗa ƙyallen, ki ba su fitsarin, in sun ce jini ki miƙa hannu. Mai yiwuwa su duba su ce ba komai, kumburin banza ne, ki dawo kina cewa Yaya ta tayar mini da hankali ba gaira ba dalili. Ina roƙon Allah haka ta kasance, ki yi mini dariyar har ki gaji. Amma ko sun ce ba komai, ranar da suka ce ki koma ki koma, ko da kin tashi kina jin za ki iya surfa buhun gero. Ni ma haka nake ji ranar da aka auna ni.

Matan gidan haya za su gan ki su ce tagwaye ne, su ce Malam Sani ya iya kiwo. Ba mugunta suke yi ba, mu ma ba mugunta muka yi ba. Ki yi musu murmushi ki ɗauki mayafinki ki wuce awo. Ki sha rubutunki, ki yi addu'arki, ni ma ina yi miki a nan, amma kada ɗayan ya hana ɗayan. Na tambayi limamin unguwarmu, ya ce neman magani ba ya rage wa bawa tawakkali. In kuma sun ce ki kwanta a asibiti, ki kwanta. Malam Sani ba zai mutu da tuwon saye ba. Shi ma ki tura shi a auna shi, maza sun fi mu taurin kai a wannan fanni.

Na san al'ada ita ce in lokaci ya matso a maido ki gida goyon ciki, kamar yadda aka maido Kulu. In likita ya ce ki zauna kusa da su, ki zauna. Mutane za su yi magana, su ce an bar yarinya ta sauka a bariki kamar marar dangi. Su faɗa. Ba Gwaggonki za a turo ba, ni zan zo. Ni da ban taɓa wuce Katsina ba, zan hau mota in zo in zauna a bakin gadonki, duk mai son ya ce ba ni da kunya ya ce. Na riƙe kunya tsawon rayuwata, na ga abin da ta saya mini.

Za ki ji wani abu mai tauri a naɗe a ƙarshen takardar nan. Guntun warwaron Kulu ne. Ɗayan yana wurina. Duk ranar da kika ji ƙyuyar zuwa awo, ki ɗauko shi ki duba inda maƙeri ya datse.

Saura abu ɗaya. Tun daga farkon takardar nan nake ta kewaye-kewaye, in ce kin yi nauyi, in ce in lokaci ya matso, kamar dai yadda muka yi ta kewaya Kulu har ta tafi. To, na daina. Kina da ciki. Na sani, na gani, kuma tsoro nake ji, tsoron da ban taɓa jin irinsa ba. Likita ya tambaye ni ko ina da ɗiya na kasa amsa masa, yau zan amsa.

Rakiya.

Ga shi na rubuta. Baƙaƙen sun karkace, amma ba zan goge ba. Rakiya, ɗiyata ta fari, ki je a duba ki.

Allah ya kai ku lafiya, ya tsare gabanki da bayanki. Allah ya sa a duba a ga alheri, in kuma akwai wani abu, ya sa an gan shi da wuri. Allah ya raba ki da abin da ke cikinki lafiya, ya nuna mini ranar da zan zare miki warwaron nan da hannuna ya fita salin-alin. Allah ya jiƙan Kulu. Amin.

Ni ce mahaifiyarki, wadda kike ce wa Yaya.